Kafireta, Taimin, Salansa ko Buɗe Inji: Wanne Ke Ƙara wa Tsohon Babur Ƙarfin Tsakiya?

Idan mai tsohon babur ya ce yana neman ƙarin ƙarfi, da wuya ka ji gudun ƙarshe yake nufi. Abin da ke ci masa rai shi ne yana tafe a giyar ƙarshe, babbar mota na jan jiki a gabansa, ya murɗa totur don ya wuce amma injin ya yi masa nawa. Ko kuma ya doshi hawa da mutum a baya, sai ya rage giya biyu kafin babur ɗin ya yarda ya ja. Wannan wurin shi ake kira tsakiya. A manyan injina masu silinda biyu na shekarun 1960 da 1970, irin su Triumph da Norton da BSA da BMW, tsakiyar tana kamawa ne daga wajen juyi 2,500 a minti zuwa 5,000. A masu silinda huɗu kamar Honda CB750 takan ɗan haura sama da haka. Kusan duk tafiyar da babur zai yi a kan hanya a wannan tsakanin yake yin ta.

Sai dai yawancin kayan da ake tallatawa da sunan ƙara ƙarfi don filin tsere aka ƙera su. Lambar da suke alfahari da ita ƙarfin doki ce, shi kuwa ƙarfin doki ana samun sa ne idan an ninka ƙarfin juyin inji da saurin juyinsa. Saboda haka ana iya ƙara dawakai a takarda ta hanyar tura ƙarfin can sama wajen juyi 7,000, alhali an kwashe shi daga inda mai babur yake buƙatarsa kullum. Mutum ya kashe kuɗi, babur ya ƙara kuka, amma wucewar motar nan ta fi da wahala.

Dalilin yana cikin yadda silinda ke cika. Iska tana da nauyi, kuma idan ta taho da gudu ba ta tsayawa nan take: fistin ya gama sauka har ya fara juyowa, ita kuwa tana ci gaba da dannowa ta bawul. Wannan dannowar ce ke cika silinda, cikar silinda kuwa ita ce ƙarfin juyi. Mai hura garwashi yakan tsuke leɓe, don da baki a wangame iskar ba ta da kaifi. Haka hanyar iskar inji take. A juyin tsakiya injin ba ya zuƙar iska mai yawa, don haka matsattsiyar hanya ce ke ba ta gudu. Faffaɗar hanya sai an kai can sama take amfani. Duk zaɓin da ke ƙasa da wannan ma'aunin na auna shi.

Kamfanoni da kansu sun nuna haka. BMW ta fito da R100RS a 1976 da kafireta Bing masu faɗin milimita 40 da dawakai 70. Da ta dawo da injin a tsakiyar shekarun 1980, sai ta mayar da kafireta zuwa milimita 32, ta rage girman bawul, dawakai suka sauka zuwa 60, amma ƙarfin juyinsa ya riƙa zuwa tun da wuri. A takarda an yi asara. A hannun mai tuƙi kuwa injin ya fi saurin amsawa a inda ake zama.

Kafin a kwatanta komai, injin lafiyarsa lau?

Babu amfanin zaɓe tsakanin kayan gyara idan abin da ya ɓata tsakiyar tsufa ne kawai. A auna matsin kowace silinda, a ga ko sun yi kusa da juna. A saita tazarar bawul inji na sanyi: a Triumph 650 inci 0.002 ne a bawul ɗin shiga da 0.004 a na fita, a Norton Commando 0.006 da 0.008, a CB750 milimita 0.05 da 0.08. Bawul ɗin da ya matse ba ya zama daram a mazauninsa, matsi na zurarewa. A duba robar da ke tsakanin kafireta da kan inji, don tsagewa ƙarama tana shigo da iskar da ba a lissafa da ita ba. Babura da yawa da ake shirin saya wa kamshaf ɗin tsere, wato sandar da ke buɗe bawul, wannan kaɗai suke nema.

Kafireta: a saita, a sabunta, ko a canza girma

A nan na fi so a daɗe, don a nan kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kuskuren da aka saba shi ne a garzaya a sa babban jet mai faɗi, wato ƙarfe mai huji da ke auna man da ke wucewa. To, babban jet ba shi ke mulkin tsakiya ba. A kafireta mai silaid, wato wannan ƙarfen da ke hawa da sauka idan an murɗa totur, irin Amal Concentric da ta fito a 1967 ko Mikuni VM, aikin a rabe yake. Daga silo zuwa kashi ɗaya cikin takwas na totur, ƙaramin jet ne ke ba da mai. Daga nan zuwa kwata, yankan da ke gindin silaid ne. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce da gidan da take shiga. Sai an wuce nan babban jet ke karɓar ragama. Lura cewa da buɗin totur ake wannan rabo, ba da juyin inji ba. Shi ya sa yake da kyau a manna tef a hannun totur a yi masa alamar kwata da rabi da kashi uku cikin huɗu, don a san daidai inda injin ke tuntuɓe.

Ciro allurar ka ɗaga gidanta ka leƙa ta haske. Sabo ramin zagayayye ne. Wanda ya sha tafiya za ka ga ya ɗan miƙe ta gefe guda, saboda shekara da shekaru iska na kaɗa allurar tana gogar bango. A Amal na injina masu bugu huɗu faɗin ramin yawanci inci 0.106 ne, kuma ƙarin da ido da ƙyar yake gani ya isa ya sa mai ya yi yawa a daidai tsakiya: fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa gurnani mai nauyi, man tanki ya riƙa saurin ƙarewa. Sa yatsa kuma ka girgiza silaid a cikin gidansa. Idan yana kaɗawa, iska na bi ta gefensa, kuma ba saitin da zai zauna. Tsohuwar Concentric tana da wani ɗan ramin ƙaramin jet da aka danne a cikin jikinta, faɗinsa inci 0.016, wanda ke toshewa da dattin tsohon mai. Dattin ba ya fita da feshi sai an zura masa siririyar waya.

Saitin kansa ba shi da wuya. Allurar Concentric tana da tsagi uku, ta Mikuni VM biyar. Idan ka mayar da maƙalin tsagin ƙasa, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Idan ka mayar da shi sama, mai ya ragu. Injin da ke tari ta kafireta ko yake shaƙewa idan an buɗe totur, kuma yake gyaruwa idan an ɗan ja cok, mai ne ya yi masa kaɗan. Wanda ke nauyi yana fitar da baƙin hayaƙi, mai ya yi masa yawa. Silaid mai lamba 3 ya fi mai lamba 3½ ba da mai. Fetur ɗin da aka gauraya da kashi 10 cikin ɗari na etanol yana buƙatar a ƙara yawansa da kamar kashi 4 cikin ɗari kafin ya daidaita da iska, don haka saitin littafin 1970 yakan ɗan gaza da man yau. Wuri mai tsayi da iska mai zafi kuwa akasin haka suke yi, suna sa mai ya rinjayi iska.

To, a gyara tsohuwar ko a sayi sabuwa? Idan jikinta bai lanƙwashe ba kuma silaid bai yi sako-sako ba, sabuwar allura da gidanta sun wadatar. Idan jikin ya cinye, sabuwa mai girman tsohuwar ita ce mafita. Akwai Amal Premier da aka yi wa silaid mai tauri da ƙaramin jet da ake iya cirewa. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a ce tunda za a saya, bari a ƙara girma. Daga milimita 30 zuwa 34, filin da iska ke bi a bakin ya ƙaru da kusan kashi 28 cikin ɗari, gudun iska a juyi ɗaya ya faɗi gwargwadon haka, jan da take yi wa mai daga gidan allura ma ya raunana. Ka fizgi totur a juyi 3,000, injin ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya farfaɗo.

Akwai kuma tambayar ɗaya ko biyu. Triumph ta sayar da inji ɗaya mai cc 649 ta fuska biyu: T120 Bonneville, wadda ta fito a 1959, da kafireta biyu, da kuma TR6 mai kafireta ɗaya. Bonneville ta fi da dawakai kaɗan a can sama, amma masu TR6 ba su taɓa jin an cuce su a hanya ba, don ta fi santsi a ƙasa da tsakiya, kuma babu wahalar daidaita kafireta biyu su buɗe tare. Masu Commando da yawa sun cire Amal biyu sun sa Mikuni ɗaya mai milimita 34 ko 36 saboda wannan dalili. Abin da suka bayar a madadin shi ne numfashin sama: daga wajen juyi 5,500 injin yakan fara gajiya. Wanda ba ya zuwa can bai yi asarar komai ba. Wanda yake son jin Commando tana buɗe murya har ƙarshe, ya zauna da biyunsa ya koyi daidaita su, don biyu masu lafiya da aka saita da kyau ba sa rasa tsakiya.

Masu kafireta irin wadda iska ke ɗaga silaid ɗinta da kanta, kamar Bing ta BMW ko Mikuni BS ta Yamaha XS650, su sun riga sun samu abin da wasu ke nema. Komai fizgar da ka yi wa totur, silaid ba ya tashi sai gwargwadon zuƙar inji, don haka gudun iska ba ya faɗuwa. Yamaha ma da kanta ta sauko daga BS38 zuwa BS34 a 1980. Abin dubawa shi ne robar da ke saman silaid: miƙe ta a gaban fitila, huji kamar na tsinin allura ya isa ya hana silaid tashi yadda ya kamata. Kuma ina roƙon masu irin wannan kafireta su bar akwatin iska a inda yake. Cire shi a sa 'yan ƙananan filtoci a bakin kafireta yana ƙawata babur, amma da natsattsiyar iskar akwatin aka auna allura da sifirin ɗin silaid. An cire shi, tsakiya ce ke fara ramewa, kuma dawo da ita aiki ne na haƙuri wanda ba kullum yake kaiwa inda aka baro ba.

Taimin: kwantak ko lantarki

Mai ba ya ƙonewa nan take, shi ya sa fulogi ke tartsatsi tun fistin bai kai sama ba, kuma inji na ƙara gudu ana ƙara gabatar da wutar. A Triumph 650 iyakar gabatarwar digiri 38 ce kafin fistin ya kai ƙololuwa, a Commando 28. A tsofaffin babura wasu 'yan ƙarafa biyu masu sifirin ne ke wannan aiki, juyi na watsa su waje. Haska fitilar taimin a kan alamar inji yana wajen juyi 3,000. A inji mai lafiya alamar tana tsaye cak. A wanda sifirin ɗinsa suka saki ko sandarsa ta cinye, za ka ga tana rawa gaba da baya. Ga kuma kwantak biyu, wato maɓallan da ke buɗewa su sa fulogi tartsatsi, kowace silinda da nata, wanda sau da yawa ɗaya na gaba ɗaya na baya.

Na'urar lantarki irin Boyer Bransden ko Pazon ko Tri-Spark tana kawar da duka biyun: babu abin da ke gogar wani, silinda biyu suna samun wuta daidai wa daida, kuma gabatarwar tana tafiya a hankali bisa tsari. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce ba ta ƙara ƙarfi a kan kwantak sabo da gwani ya saita. Amfaninta shi ne saitin yau shi ne na baɗi. Tana da nata sharaɗin: tana son batir mai rai da wayoyi masu tsafta, kuma tsohon samfurin Boyer idan wuta ta yi ƙasa yakan rikice, inji ya harbo kik baya. A lura kuma cewa wasu, kamar Dyna S da ake sa wa CB750, kwantak kaɗai suke maye, ƙarafan nan masu sifirin suna nan, sai an duba lafiyarsu. Wanda ke jin daɗin saita kwantak kuma kayansa sababbi ne, ya ci gaba abinsa. Ga kowa kuma, lantarki ya fi kwanciyar hankali.

Jarabar da ke nan ita ce ƙara gabatar da wuta fiye da littafi, don inji yakan ji kamar ya ƙara kuzari. A yi hattara sosai. A daidai inda ƙarfin juyi ya fi yawa, a nan matsin cikin silinda ya fi tsanani, kuma a nan mai ke fashewa da kansa maimakon ya ƙone a tsanake. Alamarsa wata siririyar ƙara ce ta ƙarfe, ƙyas-ƙyas-ƙyas, idan an buɗe totur a babbar giya inji na da zafi. Injin da iska ke sanyaya shi ba ya jure wannan. Yana iya huda kan fistin. Garin neman gira kada a rasa ido.

Salansa

Ana yawan cewa inji na son a ɗan toshe masa hayaƙi kafin ya yi ƙarfi a ƙasa. Ba toshewar yake so ba. Abin da ke aiki shi ne gudun hayaƙi a cikin bututu, da kuma wani bugun matsi da ke fita idan bawul ya buɗe, ya je ƙarshen bututu ya dawo a matsayin zuƙa. Idan zuƙar ta iso lokacin da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba na shiga kuma ya fara buɗewa, sai ta share silinda ta jawo sabuwar iska. Dogon bututu siriri yana sa hakan ta faru a juyin ƙasa da tsakiya, gajere mai faɗi kuma a sama. Idan aka yanke salansa aka bar gajerun bututu a buɗe, a tsakiya bugun yakan dawo a lokacin da bai dace ba, ya tura hayaƙi baya har cikin kafireta. Tsaya gefen irin wannan babur ba filta ana ba shi wuta, za ka ga wani hazon fetur na tsaye a bakin kafireta. Iskar ta wuce kan allura sau biyu ko uku tana ɗibar mai, kuma ba jet ɗin da zai gyara wannan ramin.

Don haka a injin silinda biyu, bututun asali masu inci 1⅜ ko 1½ da kamfanonin Ingila suka saba sawa sun fi masu faɗi amfani a hanya. Ɗan bututun da ke haɗa biyun kusa da kan inji shi ma a bar shi. Haɗa biyu su koma ɗaya yakan cika tsakiya idan wanda ya ƙera ya auna tsawon, ba don kyan gani kawai ya lanƙwasa ba. A masu silinda huɗu, tsarin da huɗu ke zama biyu sannan ɗaya ya fi shimfiɗa ƙarfi, wanda huɗu ke haɗuwa wuri guda kuwa ya fi kaifi a sama tare da rami a tsakiya. Matsalar ta kai Yamaha ƙirƙiro bawul na musamman a cikin salansa, EXUP, a 1987. Hukuncina a nan gajere ne: idan salansar asali na nan ba ta ruɓe ba, canza ta ba zai ba ka tsakiya ba. Idan an riga an yanke ta, mayar da irinta yana cikin manyan gyare-gyaren da za ka yi.

Sufaket

Wannan ba ya taɓa inji, amma ba za a tsallake shi ba. Rage haƙori ɗaya a sufaket ɗin gaba, daga 20 zuwa 19, yana ƙara ƙarfin da ke isa tayar baya da kusan kashi 5 cikin ɗari a kowace giya. Farashinsa shi ne inji zai riƙa juyi da yawa a doguwar tafiya, da ƙarin girgiza da shan mai. A baburan Ingila da yawa kuma sai an kwance kuloci kafin a kai gare shi.

Idan za a buɗe inji

Duk abin da ya gabata dawo da ƙarfin da ya ɓata ne, ko matsar da shi daga wani wuri zuwa wani. Wanda ke son ƙari na gaske sai ya kwance kan inji, kuma hanyoyi huɗu ne a gabansa, waɗanda ba daidai suke ba ko kusa.

Ƙara faɗin silinda shi ne wanda ba ya yaudara. Triumph 650 na da fistin mai milimita 71. A mayar da shi 76 ya zama cc 744, ƙarin kusan kashi 15 cikin ɗari, kuma shi ne girman da kamfanin da kansa ya koma a T140 ta 1973. CB750 daga milimita 61 zuwa 65 tana tashi daga cc 736 zuwa 836. XS650 daga 75 zuwa 80 tana kai wajen 744. Ƙarin yana zuwa tun daga silo, kuma akwai riba ta biyu: kafireta da bawul da kamshaf ɗin da ba a taɓa ba yanzu babbar silinda suke ciyarwa, don haka iska ta ƙara gudu a cikinsu, ƙarfin ya ƙara gangarowa tsakiya. Amma nauyin yana sauka a kan sauran injin. Zafi na ƙaruwa, girgiza na ƙaruwa, tsohon kuloci yakan fara zamewa, boris ɗin karanshaf da ya gaji zai nuna gajiyarsa da wuri. Ba a banza ba Triumph ta ƙara wa kan injin T140 ƙusa ta goma, ta kuma sa sarƙar ciki mai layi uku a madadin mai biyu. A yi lissafin matsi ma: injin da ke kan 9:1, wato yana matse iska ninki tara, idan aka ƙara masa kashi 15 aka bar ɗakin ƙuna yadda yake, zai haura 10:1. Shi ya sa ake zaɓen fistin mai kwantaccen kai.

Ƙara matsi shi kaɗai yana taimakawa a kowane juyi, amma ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Daga 8.5:1 zuwa 9.5:1, lissafi yana ba da wajen kashi 3 cikin ɗari. A injinan da ɗakin ƙunarsu ke da siffar rabin ƙwallo, ana samun matsin ne da fistin mai tudu, tudun kuma yana tare wa wuta hanya, ƙuna ta yi jinkiri, haɗarin ƙyas-ƙyas ɗin nan ya ƙaru. Ingancin man da mutum ke samu shi ke yanke iyaka a nan, ba burinsa ba. Inda kan inji ke da gefen da ke matso fistin, daidaita tazarar zuwa wajen milimita 1 ya fi aske ƙarfen kan inji da ka amfani, kuma masu BMW sun daɗe suna sa fulogi na biyu a kowace silinda don ƙuna ta yi sauri.

Kamshaf shi ne inda gizo ke saƙa. Na tsere yana barin bawul ɗin shiga a buɗe har fistin ya yi nisa da hawa. A juyi 7,000 iska na da gudun da za ta ci gaba da shiga duk da haka. A 3,500 kuwa fistin ne ke korar ta waje, silinda ta rufe ba ta cika ba. Norton ta ɗanɗana wannan a idon duniya. A 1972 ta fito da injin Combat mai cc 745: matsi 10:1, kamshaf mai zafi da ake kira 2S, kafireta milimita 32. Ya yi gudu, amma sai an kai shi sama yake nuna kansa, kuma boris ɗin karanshaf suka riƙa mutuwa da wuri har sunan kamfanin ya taɓu. A 1973 sai ga 850, wadda ainihinta cc 828 ce: fistin ya tashi daga milimita 73 zuwa 77, matsi ya sauko 8.5:1, kamshaf ya koma mai sauƙi. Dawakanta a takarda ba su kai na Combat ba, amma har yau ita ake yabo idan ana zancen ja daga ƙasa. Idan kamshaf ɗinka ya cinye dole a canza, nemi mai ɗaga bawul sama kaɗan ba tare da tsawaita lokacin buɗewa ba. Wata dabara mai sauƙi ita ce a gabatar da kamshaf ɗin asali da digiri 3 ko 4, bawul ya rufe da wuri, ƙarfi ya ɗan sauko. Sai dai dole a auna tazarar bawul da kan fistin kafin a tayar da inji.

Faɗaɗa hanyoyin iska na cikin kan inji shi na fi tsoro, don ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa. Ko a 850 ɗin nan akwai kai mai hanya milimita 32, RH4, da mai 30, RH10, kuma masu neman ja a hanya da yawa ƙaramin suka fi so. Abin da ke da amfani shi ne a gyara mazaunin bawul da yanka mai kusurwa uku, a share kaushin da ke bayan bawul, a tabbata bakin kafireta da bakin hanya sun haɗu ba tudu. Faɗin kuwa a bar shi.

Wanne za ka ɗauka?

Ya danganta da halin da injinka ke ciki. Idan matsinsa lafiya, ba ya shan baƙin mai, kada ka buɗe shi. Bawul, allura da gidanta, taimin, akwatin iska da salansa irin ta asali, sai haƙori ɗaya na sufaket idan har yanzu kana son ƙari. A ganina mafi yawan masu tsofaffin babura a nan za su tsaya, kuma za su yi mamakin abin da ke cikin injin tun asali. Idan kuwa fistin da ringi sun riga sun gaji, za a buɗe ko ana so ko ba a so, to ƙarin faɗin silinda da matsakaicin matsi da kamshaf ɗin asali shi ne haɗin da ya fi ba da tsakiya, muddin an duba karanshaf da kuloci a lokaci guda. Babur ɗin da darajarsa ke cikin kasancewarsa yadda ya fito daga kamfani, a tsaya a gyaran da ake iya warwarewa, a adana duk abin da aka cire. Babbar kafireta da kamshaf mai zafi da faffaɗar hanya kuwa tafiyarsu ɗaya, na mai shiga tsere ne wanda ya yarda ya riƙa wasa da giya.

Kowanne ka zaɓa, kunne da jiki suna ruɗi, musamman idan salansa ta ƙara kuka. Nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, inji ya yi zafi, ka sa giyar ƙarshe a kilomita 60 a awa, ka buɗe totur daga wata alama, ka duba gudun da ka kai a alama ta biyu. Yi ta zuwa da dawowa saboda iska da gangara, ka rubuta. Canza abu ɗaya tak kafin gwaji na gaba, ko da tsagin allura ɗaya ne, sannan bayan kowane gwaji ka ciro fulogi ka duba: farin da ya yi fat ko ɗigo-ɗigon ƙarfe a jikinsa na nufin a ƙara mai ko a ja taimin baya kafin a sake hawa.